Rabin Duro

Dukanmu na Allah ne, kuma gare Shi kakana, mahaifin innata, ya koma ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin bazarar bana, a ƙauyenmu da ke kusa da Maijirgi. Ina Yamai aka buga mini waya. Kafin mota ta sauke ni a Tasawa washegari, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni gida a babur, ƙasa ta riga ta rufe shi. Ban ga fuskarsa ba. Abin da na tarar shi ne tabarmi a ƙofar gida, da takalma birjik, da jakinsa ɗaure a gindin itacen bedi, an manta ba a ba shi ruwa ba.

Kowa da abin da yake tunawa. Wata tsohuwa da ta zo tun daga wajen Attantane, ƙawar marigayiya kakata, ta riƙe hannun innata tana cewa bai taɓa wuce mace da tulu a ka ba sai ya tsaya ya ɗora tulun a amalankensa, ko da hanyarsu ba ɗaya ba ce. Abokan dararsa suka ce lallai sun yi rashi, amma a faɗi gaskiya mutum ne mai gardamar tsiya, ko an cinye shi sai ya ce ramukan ne aka haƙa a karkace. Wani maƙwabcinmu Kirista ya zauna a bakin tabarma kwana uku cur. Da ya leƙo yi wa innata gaisuwa, ya ce lokacin da suke gina 'yar majami'arsu masu amalanke duk sun noƙe, kakana ne ya yi ta kai musu ruwan kwaɓa ƙasa har aka gama ginin. Da wasu suka yi masa magana, wai cewa ya yi jakinsa bai san bambanci ba, shi kuma ba shi da lokacin koya masa.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, ƙanensa, wanda mu jikoki muke kira Kaka Ƙarami. Yana zaune jingine da bango, ƙafarsa ta hagu da ba ta lanƙwasuwa a miƙe, sandarsa a gefe. In an ce masa ya haƙuri sai ya ce an gode Allah, ya mayar da ido ƙasa.

Ni kuwa ina cikin mata, ana yi mini gaisuwa ina amsawa, amma abin da ke cina daban ne. Shekara biyu da suka wuce kakana ya yi mini tambaya guda ɗaya. Na samo amsar, na ɓoye masa, ya mutu yana jira. In na yabe shi ban faɗi wannan ba, na cuce shi sau biyu.

Ɗiban ruwa ne sana'arsa tun kafin a haife ni. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa da ɗan wake. Da an kai amfani rumbu sai ya ɗaura amalanke, ya riƙa kai wa magina da masu buga tubali da mata masu abincin sayarwa ranar kasuwa. Duronsa ba irin na kowa ba ne. Duro biyu ne wani maƙeri a Tasawa ya fasa gindinsu ya liƙe su da wuta suka zama ɗaya, dogo, yana kwantar da shi a gicciye bisa amalanke. Ya kashe irinsa uku a rayuwarsa, kuma duk yana cika su har sai ruwa ya tumbatso ta baki kafin ya toshe. In rijiya ta ja baya ruwan bai isa ba, gara ya zauna ya jira ta tara, ko ya juye a jarkoki, da ya kama hanya da duro bai cika ba. Sauran masu amalanke suna yi masa dariya, suna cewa haɗama ce.

Bai taɓa dukan jaki ba. Magana yake yi da su kamar da dattawa. Za ka ji shi da safe yana cewa, "Malam, in ka gama tunani mu tahi." In jakin ya tirje a hanya sai ya sauka ya tsaya kusa da shi, su yi shiru tare, har jakin ya gaji da tirjiyar don kansa.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka tun ina goye nake matarsa ta wasa. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa tsoho. Sakin da ya yi mini ba ya ƙirguwa. Ya sake ni don furata ta yi ruwa, ya sake ni don na sa gilashin ido, ya sake ni don na gaida jakinsa kafin shi. Ranar da na ce masa na samu shiga jami'a, kuma motsin ruwa zan karanta, sai da ya ajiye goronsa.

"Ruwa? Har Yamai? Ga randa nan, leƙa ki karanta."

"Tsoho, kai shekara nawa kana leƙawa, mi ka karanto?"

"Na karanto ke ba matar zama ba ce. Je ki, na sake ki."

Da zan tafi, shi ya kai ni bakin kwalta a amalanke, akwatina a bayansa. Sai da mota ta tsaya ya damƙa mini ƙullin ƙuli-ƙuli ya juya da sauri.

Akwai abu ɗaya da ba a yi masa wasa da shi, gonar ƙanensa. Kowace damina ita yake fara nomewa kafin tasa, kuma kowace damina sai sun yi faɗa a kai.

"Yaya, na hwaɗa maka ina da ɗiya, su za su noma."

"Ɗiyanka noma suka yi ko susar ƙasa?"

Wata shekara, ina 'yar makarantar kwaleji, faɗan ya wuce na baki. Kaka Ƙarami ya rantse in yayansa ya sa hauya a gonar ba zai ci geron ba. Kakana bai musa ba. Ya ɗauki hauyarsa ya je ya zauna a kan iyakar gonar tun safe, cikin rana, bai noma ba kuma bai tashi ba. Aka yi azahar yana nan. Sai da la'asar ta gabato ƙanen ya aiko masa da fura da saƙon cewa ya yi abin da ya ga dama, shi zai yi kaffarar rantsuwarsa. A lokacin haushin kakana na ji. Na ce wa innata wannan ai ba taimako ba ne, danniya ce.

Ran nan ne ta ba ni labarin ƙafar. Ta ce suna magidanta matasa, Kaka Ƙarami ɗan kokawa ne da sunansa ya kai Urafane har Mayahi. Wata rana bayan girbi suka je tabki ɗibar ruwan tubali su biyu. Wajen hawowa gaɓa amalanke ya kife, duro ya danne masa ƙafa. Maɗori ya yi iya yinsa, ƙafar ta ɗoru a sandare, kokawa ta ƙare. Ƙaddara ce, in ji ta, haka kowa ya ce, shi ma mai ƙafar haka yake cewa. Iyakar abin da na sani ke nan har na girma.

Hutun damina na shekara biyu da suka wuce, ina zaune a gindin bedi da hantsi da na'urata mai ƙwaƙwalwa a cinya. Aikin da nake yi a jami'a a kan manyan motocin dakon mai da ruwa ne, yadda abin da ke cikin tankinsu yake tangaɗi in sun sha kwana ko sun taka birki. Kakana ya zo wucewa ya leƙo.

"Amarya, sinima kike kallo mijinki na jin yunwa?"

Na juya masa allon. Hoton tanki ne, ƙasansa shuɗi, samansa fari, shuɗin yana hawa bango ɗaya ya dawo ya hau ɗayan. Na ce shuɗin ruwa ne, farin iska ce. Ya ce wa ya ɗauki hoton daga cikin tanki? Na ce ba wanda ya ɗauka, lissafi ne. Na yi masa bayani yadda zan iya. Ana yanka cikin tankin gida-gida, ƙanana ƙwarai, dubbai. Kowane gida ko ruwa ne a ciki, ko iska, ko an raba. Sai na'ura ta duba kowane gida da maƙwabtansa, ta lissafa nawa zai fita nawa zai shiga cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta sake, ta sake. Wuri mafi wuya shi ne saman ruwan, inda yake haɗuwa da iska, don nan ne igiyar ruwa take tashi ta karye.

"To dara kike yi da ruwa," in ji shi.

Na ce kusan haka ne. Na jira ya sake ni, bai sake ni ba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon shuɗin nan yana kai da kawowa. Sannan ya tambaye ni ko abin yana iya lissafa kowane irin mazubi, ko sai na mota. Na ce kowane iri, in dai an ba shi awo. Ya tashi ya tafi.

Washegari da safe ya kira ni bayan rumbu. Akwai wani tsohon duro a can da na taso ina gani, tsatsa ta cinye shi, gefe ɗaya a lotse, kaji suna ƙwai a ciki. Ya ɗora hannu a kansa.

"Wanga ne ya karya ƙanena."

Ya ce ran nan jakinsu yana da miki a gadon baya, inda sirdi ke gugarsa. Da suka kai rabin duro sai ya ce ya isa. Ƙanen ya ce a cika a huta da dawowa sau biyu. Shi ya ƙi, ya ce shi ne babba, kuma ba zai kashe dabba don tubali ba. Suka kamo gaɓa a karkace, shi yana riƙe da linzami ta sama, ƙanen yana turawa ta ɓangaren gangare. Ya ce yana jin ruwan yana marin duro, dama, hagu, kowane mari ya fi na baya ƙarfi. Ƙafar amalanke ta sama ta ɗaga sau ɗaya ta koma. Da ta sake ɗagawa ba ta koma ba.

"Abin da nika so ki lissaho mani," ya ce, "da na cika shi, da ya kihe?"

Na ce, "Haba Kaka, abin da ya wuce shekara arba'in da wani abu. Allah Ya riga Ya rubuta."

"Kada ki yi mani wa'azi. Malamai sun yi mani, kuma sun hi ki iyawa. Lissahi nika so."

Na yarda, kuma in faɗi gaskiya har da zumuɗi. A raina na ɗauka amsar za ta wanke shi. Cikakken duro ya fi nauyi, gaɓar a karkace take, na ce ko ya cika ko bai cika ba faɗuwa zai yi, in kawo masa wannan a allo ya gani da idonsa ya huta.

Kwana huɗu muka yi muna awo. Ban taɓa aiki da mutum mai tsanani irinsa ba, har malamaina na jami'a. Muka auna duron da igiya, muka auna faɗin amalanke da tsayinsa daga ƙasa. Muka je tabki, ya nuna mini inda ƙafar sama ta taka da inda ta ƙasa ta taka, ya ce ruwan sama ya ci gaɓar kaɗan tun lokacin, a ƙara kamar tafin hannu. Na ɗauki tafiyar jakinsa a waya don in samu yadda amalanke ke rausaya. Ya ce a'a, wannan malalaci ne, jakin wancan lokacin ya fi shi saurin taku. Ya tafa mini takun da hannuwansa, ni kuma na naɗi sautin. Ina kallonsa yana tafa takun jakin da ya mutu tun innata tana yarinya, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Gwajin farko a na'urata na yi, da manyan gidaje don ya yi sauri. Rabin duro, gaɓa a karkace, takun jaki. Ruwan ya yi ta lilo, amalanke ya rausaya, bai kife ba. Na kai masa ina murna. Ya kalla sau biyu ya ture.

"Wanga ruwa ƙarya shika yi. Kamar mai shika tahiya. Ruwan gaske in ya kai ƙarshen duro tashi shikai ya naɗe, ya rutsa iska, ya yi mari. Ina marin?"

Na ji haushi, don ya yi gaskiya. Gidajen sun yi girma, sun shafe igiyar ruwan kafin ta karye. Da na yi shiru na karɓi wancan sakamakon, da ya wanke shi, amma shi da bakinsa ya ƙi. Na ce masa sai na koma Yamai, can akwai babbar na'ura da za ta iya ƙananan gidaje. Ya ce ba ya sauri.

A Yamai na samu amsar, wata uku bayan haka, wata ranar Alhamis kafin azahar. Na rage girman gidajen har marin ya fito, igiyar ruwa ta tashi ta naɗe ta rutsa iska kamar yadda ya faɗa. Takun jakin ya zo daidai da lilon ruwan, kowane taku yana ƙara masa ƙarfi. Ƙafar sama ta ɗaga ta koma. Ta sake ɗagawa, amalanke ya tafi. Sai na cika duron na sake gwadawa. Ruwan da ba shi da wurin motsi bai motsa ba. Amalanke ya rausaya, ya haye gaɓa lafiya lau.

Ban yarda ba. Na ƙara karkatar gaɓar, na rage ta. Na sauya takun, na sauya nauyin amalanke, na ɗaga duron na sauke shi. Makonni na yi ina neman hanyar da cikakken duro zai faɗi, kuma ban same ta ba sai na karkata gaɓar har inda ba mai hankalin da zai bi da dabba. A nan ne kuma na tuna yadda yake cika duro har ya tumbatsa, da dariyar da ake yi masa, na gane ba sabon labari zan kai masa ba.

Duk da haka na kasa. In na kira innata sai ya karɓi wayar.

"Amarya, ruwan ya kwanta?"

"Da saura, tsoho. Na'urar na da layi."

Na ce wa kaina tausayi ne. Mutum ya haura saba'in, me zai yi da wannan magana? Na ce wa kaina kuma lissafi ba shi ne ranar ba, ban ga ramin da ke hanya ba, ban san ko jakin ya yi tuntuɓe ba. Wannan gaskiya ne, kuma da shi na fake. Yau na san tsoro ne kawai. Ba na son in zama wadda za ta dubi idonsa ta ce masa e.

Da na zo babbar Sallah ya same ni ni kaɗai ina wanke kwanuka. Bai yi wasa ba.

"An gama?"

Na ce, "Kaka, na'ura ba ta iya hwaɗin abin da ya wuce daidai. Tana iya yiwuwa haka, tana iya yiwuwa haka."

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya ce, "To." Bai sake tambayata ba, ko a waya ko ido da ido. Yana yi mini addu'a, yana aiko mini da gyaɗa, amma daga ranar bai ƙara ce mini amarya ba, bai kuma ƙara sakina ba. Innata ta ɗauka tsufa ne. Na sha cewa in na zo hutu na gaba zan zaunar da shi in nuna masa. Hutu biyu suka wuce.

Rana ta shida da rasuwar, bayan la'asar, Kaka Ƙarami ya aiko a kira ni zaurensa, ya ce in zo da na'urar. Na same shi shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ya hwaɗa mani ya sa ki aiki," in ji shi. "Ya ce kin gama, kin ƙi ba shi."

Na fashe da kuka. Bai rarrashe ni ba, ya jira na gama, ya ce in nuna masa. Na buɗe na rabin duro. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, yana bin shuɗin da ido, kansa yana ɗan kaɗawa tare da shi. Da amalanke ya kife sai hannunsa ya kai kan gwiwarsa. Na buɗe na cikakken duro, ya kalla har ya haye gaɓa. Ya ce in maimaita. Sau uku na maimaita masa.

"Haka anka yi," ya ce. "Ba ke kaɗai kika rufe mashi baki ba, daina kukan. Ni na hi ki laihi."

Ya ce tun yana kwance da ƙafar a ɗaure yayansa ya zo ya tsuguna zai yi magana, shi ya tare shi ya ce ƙaddara ce. Bayan shekara ya sake zuwa, ya sake tare shi. Duk sanda ya ga bakinsa zai buɗe sai ya riga shi.

Na ce, "Don kada ya ji nauyi?"

"Ina! Don haushinshi nika ji. In na bari ya roƙe ni, dole in yahe, ni kau ban shirya ba. Ina ganin 'yan kokawar da nike kadawa ana yi masu kiɗi, ni ina jan ƙahwa. Sai na bar shi ya yi ta noman gonata. Da haushin ya huce mun tsuhwa, kunya ta hana ni tada maganar." Sannan ya ce, "Ranar jana'iza liman ya ce duk wanda mamaci ya yi ma laihi ya yahe mashi. Kowa ya amsa. Ni ban amsa ba. Shekara arba'in ina cewa ba a yi mani komi ba, mi zan ce na yahe?"

Ya sallame ni, ya ce in gaida innata.

Washegari da safe aka yi sadakar bakwai. Mu mata muna cikin gida muna zuba waina da fura a kwanuka, zana ce kawai tsakaninmu da maza. Liman ya shafa addu'a, mutane suka fara neman takalmansu. Sai na ji ƙarar sanda a ƙasa, da muryar Kaka Ƙarami yana cewa a dakata. Na leƙa ta tsagar zana. Ya miƙe tsaye, ya ƙi hannun da aka miƙo masa.

"Jama'a, ku shaida. Yayana ya yi mani laihi. Ranar da ƙahwata ta karye na ce ya cika duro ya ƙi, don tausayin jaki, kuma abin da ya kada amalanke ke nan."

Liman ya ce a hankali, "Baba, ai ƙaddara ce."

"Na sani, Malam. Ƙaddara ce, amma ta hannunshi ta biyo. Ya sani, ni ma na sani. Ya so ya roƙe ni na hana shi." Ya gyara riƙon sandarsa. "Yaya, na yahe maka. Duniya da lahira na yahe maka. Kai ma ka yahe mani."

Innata ta zauna a ƙasa da ludayi a hannu tana kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar da na iso. A waje na ji dattawa suna ta cewa Allah Ya karɓa.

Shi ya samu inda ya sauke nasa, a gaban mutane. Ni ba ni da taron da zan tsayar, sai wannan takarda. Allah Ya jiƙan kakana, Ya yalwata masa kabari, Ya saka masa da kowane tulu da ya sauke daga kan mace da kowace kunya da ya nome a gonar ƙanensa.

Tsoho, tambaya ka yi mini, kuma ka cancanci a ba ka amsa tun kana da kunnen ji. E. Da ka cika shi, da bai kife ba. Ka yafe mini.